Jakar Iska a Ƙarƙashin A-kori-kura

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin hanya a Rawayya, cikin ƙaramar hukumar Bungudu, da kaka, ya san yadda a-kori-kura take tafiya idan an labta mata buhunan dawa: gindi a ƙasa, hanci a sama. Idan kuma aka ɗaura mata ƙaramar tirela mai ɗauke da injin sussuka ko tankin ruwa, sai abin ya ƙara muni. Wannan tsugunnawa tana da hatsari. Nauyin da ya faɗa bayan aksul, wato ƙarfen da ke riƙe da tayoyin baya, yakan ɗaga gaban mota kamar yadda sikeli ke rinjaya. Tayoyin gaba sai su rage kama ƙasa, alhali su ne ke juya mota, kuma su ne ke yin mafi yawan aikin birki. Da dare kuwa fitilu sai su bar kwalta su koma haska idon direban da ke tahowa daga Tsafe.

Maganin da makanikanmu suka saba da shi shi ne ƙara ganyen sifirin. Tun zamanin Peugeot 504, daga masana'antar Kaduna da ta fara haɗa motoci a 1975, har zuwa Toyota Hilux, haka ake yi. Yana aiki, amma ƙarfe ba ya sanin an sauke kaya. Motar da babu komai a bayanta sai ta riƙa tsalle a kan gargada, fasinja ya sauka da ciwon ƙugu.

Akwai wata dabara, wato jakar iska. Roba ce mai kauri da aka ƙarfafa da zare, ana girka ta tsakanin shasi da aksul, ɗaya a dama ɗaya a hagu, a hura ta da famfon mai faci. Ni da fannina nazarin halittu ne, da na fara ganinta sai na tuna da karfasa. A cikin wannan kifi akwai jakar iska, wadda yake ƙara wa iska ko ya rage domin ya tsaya a zurfin da yake so ba tare da wahalar iyo ba. Mu ma muna da matasai a jikinmu: faifan guringuntsi 23 ne ke tsakanin ƙasusuwan bayan ɗan Adam, kuma nauyin yini yakan matse su har mutum ya ragu da kimanin santimita ɗaya kafin dare. Ɗalibi yana iya gwada wannan da kansa a jikin bango, safe da yamma.

Tushen aikin jakar mota shi ne ƙa'idar da Robert Boyle ya wallafa a Ingila a 1662: idan aka matse iska a wuri rufaffe, gwargwadon raguwar wurin gwargwadon ƙaruwar ƙarfin turinta. Saboda haka jakar tana da laushi a ƙaramin kaya, tana kuma ƙara tauri yayin da kaya ke danne ta. Lissafin ba shi da wuya. Jakar da faɗin fuskarta ya kai murabba'in inci 25, idan aka hura mata fam 50 a ma'aunin mai faci, za ta tallafi fam 1,250 na nauyi, wato kusan kilo 570. Galibin irin waɗannan jakunkuna suna aiki ne tsakanin fam 5 da fam 100, kuma ba a barinsu wayam, domin robar takan murƙushe ta tsage.

Wajen girkawa, a ɗaga motar a tokare shasi da kyau, kada a dogara da jak kaɗai. A nisanta jakar da bututunta daga salansa. Kowace jaka a ba ta nata bututun da nata bawul. In aka haɗa su, a kwana iska za ta gudu daga gefen da aka danne zuwa ɗayan, motar ta ƙara karkata. Daga ƙarshe a shafa ruwan sabulu a mahaɗai, inda ya yi kumfa nan iska ke fita.

To, ga inda na fi jin tsoro. Jakar tana miƙe mota, amma ba ta ƙara mata ƙarfin ɗaukar kaya ko da kilo ɗaya. Motar da aka ƙera don tan ɗaya, wato buhu goma masu kilo 100, tana nan a haka: aksul, tayoyi da birki ba su canja ba. A da, tsugunnawar ce ke yi wa direba gargaɗi, yanzu an ɓoye ta. Bugu da ƙari, tsofaffin Hilux da yawa suna da wani bawul da ke auna yadda baya ya sauka domin ya ƙara wa birkin baya ƙarfi. Idan jaka ta ɗaga motar, bawul ɗin zai ɗauka babu kaya. Wanda zai girka, ya sa makaniki ya duba wannan tukuna. Game da tirela kuwa, nauyin da ke sauka a kan maɗaurinta ya kasance tsakanin kashi 10 da 15 cikin ɗari na dukan nauyinta. Idan ya gaza haka, za ta riƙa wutsil-wutsil a bayan mota da zarar an ƙara gudu, kuma jakar iska ba ta hana wannan.