Kafin Ka Sayi Katin Inshorar Lafiya

Tun da Shugaba Buhari ya sa hannu kan dokar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, a watan Mayun 2022, wadda ta wajabta inshorar lafiya a kan kowane mazaunin Najeriya, 'yan damfara suka samu sabuwar kasuwa. Ga su nan a tasha, a bakin kasuwa, a zaurukan WhatsApp, da riga mai tambari da katin roba mai sheƙi, suna rantsuwa 'yan dubbai za su ɗauke maka kuɗin asibiti na shekara, har da tiyata. Jama'a, a yi hattara!

Masu wannan harka bisa doka ba su da wuyar ganewa. Akwai NHIA kanta, magajiyar NHIS da ta fara aiki a 2005. Akwai hukumomin taimakekeniya na jihohi, irin su KSCHMA a Kano da KADCHMA a Kaduna. Sai kamfanonin da ake kira HMO, masu tsayawa tsakaninka da asibiti, kuma babu wanda ya isa ya yi aikin sai da lasisin NHIA. Kamfanonin inshora na gama-gari da na takaful kuwa, hukumar NAICOM ce uwar ɗakinsu. Duk wanda ya kasa nuna maka gidan da ya fito cikin waɗannan, ɗan cuwa-cuwa ne, ko da ya iya ƙulla nakatayel.

Ba a gane jabun kati sai ranar tsanani. Maigida ya kawo matarsa tana naƙuda cikin dare, ya miƙa kati ta taga, ma'aikaciya ta duba kwamfuta, ta turo masa abinsa: "Malam, wannan kamfanin ba ya cikin jerinmu." Ya kira lambar dillali, a kashe.

Mai lasisin ma kar ka saki jiki da shi. Wani yakan riƙe kuɗin da ya kamata ya biya asibiti duk wata, asibitin ya huce a kanka. Wani sai ka yini kana jiran lambar izini kafin a tura ka wurin ƙwararren likita.

Saboda haka ka je ofishin NHIA na jiharku ka tantance sunan kamfanin. Ka taka da ƙafarka zuwa asibitin da aka ambata maka, ka ji ko suna karɓar katin. Ka sa a rubuta maka cututtukan da ba a ɗauka ba. Kuɗi kuwa, kada ka kuskura ka tura su asusun wani mutum, ko da ɗan unguwarku ne.