Taimakon Birtaniya Na Raguwa, Wajibi Ne Nijeriya Ta Yi Tanadi

A shekarar 2021 gwamnatin Birtaniya ta rage taimakon da take bai wa ƙasashe masu tasowa daga kashi 0.7 zuwa kashi 0.5 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasarta. A watan Fabrairun 2025 kuma Firayim Minista Keir Starmer ya ba da sanarwar mayar da shi kashi 0.3 daga 2027, domin ƙara kuɗin tsaro.

Ko ɗan abin da ya saura ma ba duka ke ƙetare teku ba. A 2023, fiye da rubu'insa an kashe shi ne a cikin Birtaniya wajen ɗaukar nauyin masu neman mafaka.

Ɗalibai ma ba su tsira ba. Daga Janairun 2024 aka hana akasarin ɗaliban ƙetare zuwa da iyalansu, daidai lokacin da faɗuwar darajar naira ta sa kuɗin makaranta ya gagari 'yan Nijeriya da dama.

Don haka ya wajaba Gwamnatin Tarayya ta ware isasshen kuɗi a kasafinta domin 'yan gudun hijirar Barno da 'yan Kamarun da suka fake a Kuros Riba, ta kuma gyara jami'o'in gida, tun kafin taimakon ya ƙara ja baya.