Tulun da Ya Daina Sanyaya Ruwa

A 1950 wani Baturen Ingila maginin tukwane, Michael Cardew, yana zagaya Nijeriya domin gwamnatin mulkin mallaka ta ɗora masa aikin duba sana'ar ginin tukunya. Da ya isa Abuja ta wancan lokaci, wato Suleja ta yau, sai ya ga wasu tuluna a gidan Sarki Sulaimanu Barau. Sarkin ya tara su ne don kyansu kawai. Da Baturen ya tambayi mai ginin, aka ce masa wata Bagwariya ce daga ƙauyen Kwali, sunanta Ladi.

Wajen gwaggonta ta koyi sana'ar tun tana yarinya. Ba ta da inji. Yumɓu take murzawa tana ɗorawa, tana zagaya tulun da ƙafarta har ya tashi, sannan ta zana masa kunama, ƙadangare, kada, hawainiya da kifi. Duk matar da ta taɓa ɗora tulu a ka ta san amfanin irin wannan gini: ba shi da nauyi, kuma jikinsa na tsatsafo, iska ta buga, ruwa ya yi sanyi ko da bazara ce.

Cardew ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a Abujar, Ladi kuma ta shiga a 1954, mace ta farko. A nan ne abin mamakin ya faru. Ta ci gaba da gina tulunta da hannu yadda ta saba, amma da yumɓun tangaran, aka shafe shi da ruwan ƙyalli, aka gasa shi a wutar da ta haura digiri 1,200. Tulu ya fito yana sheƙi, sai dai ya yi nauyin da ba mai iya zuwa rafi da shi, ƙofofin tsatsafon kuma sun toshe. Mai neman ruwan sanyi ba zai ba da ko sisi a kansa ba. Turawa kuwa suka yi rububinsa a baje kolin Berkeley Galleries da ke Landan a 1958, 1959 da 1962, suka kai falo suka girke a matsayin kayan ado.

Matar da ba ta yi boko ba ta zagaya Turai da Amurka tana gini a gaban jama'a. Ingila ta ba ta lambar MBE a 1963, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na dakta a 1977. Ta rasu a Minna ranar 12 ga Agusta, 1984. Tulunanta yanzu suna gidajen tarihi irin su Victoria and Albert na Landan, ita kuma hotonta ne a bayan takardar naira 20, tana tsakiyar aikin tukunya.