Kafin ki karɓi 'yar aiki daga hannun dillaliya

A Maiduguri ba a shan wahalar neman 'yar aiki. Uwargida ta furta a gidan biki ko a ofis cewa hidimar gida ta yi mata yawa, kafin mako ya zagayo an bugo mata waya, dillaliya ta iso a Keke Napep da yarinya a gefenta, rungume da leda mai zane biyu da hijabi. Za a ce 'yar Bama ce, ko 'yar Gwoza, ko daga wajen Dikwa, ba ta da ƙiwa, ba ta da ɗauke-ɗauke. A yi ciniki a tsaitsaye, dillaliya ta karɓi la'ada da kuɗin mota ta kama gabanta. Sau da yawa har dare ya yi matar gidan ba ta san sunan mahaifin yarinyar ba, ba ta san shekarunta ba, ba ta kuma tambayi hannun wa kuɗin wata zai riƙa shiga ba.

Arahar 'yan aiki a garin nan tana da tushe. Boko Haram ta kame Gwoza a watan Agustan 2014, ta kame Bama a watan Satumba, aka afka wa Baga a Janairun 2015, jama'a suka kwararo Maiduguri da abin da hannu ya iya ɗauka. Sansanonin Bakassi da Dalori da Teachers Village suka cika. A 2021 Gwamna Babagana Umara Zulum ya ba da sanarwar rufe sansanonin gwamnati da ke cikin birnin kafin ƙarshen shekarar, aka kuma rufe na Bakassi a ƙarshen watan Nuwamba. Wasu sun koma ƙananan hukumominsu. Da yawa kuwa ba su koma ba, sun raɓe a kangwaye da gefen unguwanni, ba rabon abinci, ba gona. Sai ga ambaliyar madatsar Alau a ranar 10 ga Satumba, 2024, wadda ta cinye ɗan abin da wasu suka fara tarawa. Uwar da ke zaune da 'ya'ya shida, tana ɗinkin hula ko sayar da itace, idan aka ce mata ga gidan da zai ciyar da ɗaya ya kuma biya, da wuya ta tsaya dogon bincike.

A nan ne kalmar "taimako" take shigowa, kuma ita ce tushen yawancin cutar da ake yi. Matar gida takan ce ai taimaka musu take yi, 'yan gudun hijira ne, a wajenta yarinyar ke cin shinkafa sau uku. Wataƙila gaskiya ne. Amma wadda ta tashi da asuba ta yi shara, ta wanke kwanuka, ta shirya yara makaranta, ta yi wanki, ta goyi jariri har sha ɗayan dare, aiki ta yi, kuma aiki da lada yake tafiya. Da zarar an sa masa suna taimako, sai albashi ya zama kyauta da ake bayarwa in an ga dama, hutu ya zama alfarma, ƙorafi ya zama butulci.

Shekarunta nawa?

Wannan ce tambayar farko, kuma doka tana da magana a kai. Dokar hana safarar mutane ta 2015, wadda Hukumar NAPTIP ke aiwatarwa, ta ce duk wanda ya ɗauki yaro ko yarinya 'yar ƙasa da shekara 12 aikin gida ya yi laifi, hukuncinsa ɗaurin wata shida zuwa shekara uku. Laifin bai tsaya a kan dillaliya ba, ya haɗa da wanda ya karɓa ya ajiye a gidansa. Akwai ƙarin ɗauri idan an hana yaron ladansa, ko an ji masa rauni, ko an yi lalata da shi. NAPTIP tana da ofishin shiyya a nan Maiduguri. Jihar Borno ma tana da dokarta ta kare haƙƙin yara, wadda gwamna ya sa wa hannu a Janairun 2022.

Cika shekara 12 bai mayar da yarinya babba ba. Dokar 2015 ɗin ta haramta sa duk wanda bai kai 18 ba aikin da zai cutar da jikinsa ko tunaninsa, sannan dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatu daga firamare har ƙarshen ƙaramar sakandare. Gidan da 'ya'yansa ke fita da jakunkuna da safe, sa'arsu tana tsugune a bakin famfo tana wanke kofunan da suka sha shayi, ya san abin da yake yi ko bai faɗa ba. A ganina mafita mafi tsabta ita ce a ɗauki babba. Garin nan cike yake da zawarawa da matan da rikici ya raba da mazajensu, masu neman aikin wuni su koma wajen 'ya'yansu da yamma. Sun fi yarinya tsada, ba kuma sa juyuwa kamar yarinya, to amma su ne suka san riƙon jariri da girkin gida. Wanda ya riga ya karɓi matashiya kuwa, ya nema mata makaranta, ko ta yamma ce, ya rage aikin yadda za ta iya zuwa. Islamiyyar dare kaɗai ba ta wadatar ba.

Kuɗin, da hannun da yake shiga

Mafi ƙarancin albashi na ƙasa Naira 70,000 ne tun watan Yulin 2024, amma dokar ta keɓe wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, don haka gidaje ba sa ciki. Kungiyar Ƙwadago ta Duniya tana da yarjejeniya ta musamman kan masu aikin gida, mai lamba 189, ta 2011, wadda ta tanadi biyan kuɗi aƙalla sau ɗaya a wata da hutun awa 24 a jere kowane mako. Najeriya ba ta amince da ita a hukumance ba tukuna. Ma'ana dai, babu jami'in da zai ƙwanƙwasa ƙofa ya tambayi nawa kike biya. Ke ce mai yanke farashi, ke ce alƙali. Ma'auni mai sauƙi shi ne ki ɗauki kuɗin da kika yanka mata ki shiga Monday Market a zuci, ki ga mudun masara nawa zai saya wa uwarta.

Abin da ya fi yawan kuɗin muhimmanci shi ne inda yake zuwa. An saba dillaliya ta zo ƙarshen wata ta karɓa da sunan za ta kai wa iyaye, ko ta ce tana tara wa yarinya na kayan ɗaki. Wasu suna kaiwa. Wasu suna cire rabi. Wasu kuwa sai ranar da aure ya taso a nemi kuɗin shekara biyu a rasa. Kada ki karɓi yarinyar da ba ki ga uwarta ko waliyyinta ido da ido ba. Ki je inda suke zaune, ko Muna ne ko Bulumkutu, ki ga ɗakin, su ma su zo su ga gidanki. A yi maganar a gaban Bulaman unguwa ko wani dattijo: aikin da za ta yi, kuɗinta, ranar biya, ranar zuwa gida. La'adar dillaliya ta zama sau ɗaya, daga aljihunki. Albashi kuma ya shiga hannun mai aikin, ko a tura wa uwar kai tsaye tana gani. Ki sayi littafi mai warwari arba'in, duk wata a rubuta, ta sa hannu ko ta dangwala. Idan ita ta nemi ki riƙa ajiye mata, a rubuta wannan ma, kuma ranar da ta ce a ba ta, a ba ta.

Kwanon da ya fashe ba a cire shi a albashi. Tsohuwar atamfar da kika ba ta da Sallah ma ba albashi ba ce.

Lafiyarta lafiyar gidan ce

Wadda za ta dama wa jaririnki kunu ta fito ne daga wurin da ake kwana mutum goma a ɗaki ɗaya, ana layin ruwa da na ban-ɗaki. Kai ta asibiti a makon farko hankali ne, muddin da saninta da yardarta, kuma da niyyar a yi mata magani idan an sami wani abu. Tarin da ya wuce mako biyu, da rama, da gumin dare, alamun tarin fuka ne. Gwajinsa da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati, ana sha wata shida, kuma bayan 'yan makonni da fara shan magani haɗarin yaɗa shi yana raguwa ƙwarai. Ciwon hanta nau'in B yana da allurar rigakafi, kuma ba a ɗaukarsa ta cin abinci a kwano ɗaya. A duba ƙarancin jini, a ba ta maganin tsutsar ciki. Game da ƙanjamau, dokar hana wariya ta 2014 ta hana a mayar da gwajinsa sharaɗin ɗaukar aiki, kuma ɗibar jininta a ɓoye da sunan gwajin zazzaɓi cin amana ne.

Sauran abubuwan ƙanana ne, amma su ne ake mantawa. Gidan sauro nata na kanta. Audugar mata duk wata, ba sai ta roƙa ba, domin yarinya ba za ta roƙa ba. A zafin Maris zuwa Mayu, lokacin da awon zafi ke haura 40 a Maiduguri, wanki da aike su koma safiya ko yamma. Wadda ta saba da murhun itace ba ta san tukunyar gas ba, sai an tsaya an koya mata kunnawa da kashewa da abin yi in ta ji wari. A faɗa mata kada ta taɓa haɗa ruwan bilic da ruwan wanke masai, domin hayaƙin da suke fitarwa guba ne.

Akwai kuma ciwon da gwajin jini ba ya nunawa. Wata 'yar'uwata ta taɓa kawo mini ƙarar yarinyar da ke mata aiki: ta kai sha biyar amma tana fitsarin kwance, tana ihu cikin barci, kuma ranar da yaran unguwa suka fasa nokawut ta saki faranti ta shige ƙarƙashin gado. Har an fara maganar aljanu da shirin mayar da ita. Da aka zauna da uwarta, sai aka ji abin da yarinyar ta gani da idonta a daren da suka baro ƙauyensu tana ƙarama. Irin wannan firgici sananne ne ga likitoci, kuma yana jin magani. Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke hanyar Baga yana duba masu irinsa, zuwa can kuma ba ya nufin hauka. Duka da tsawa ƙara shi suke yi. Kada kuma a matsa mata da tambayar abin da ya faru don a sami labarin ba ƙawaye, ko a bar yaran gida suna kiranta 'yar Boko Haram da sunan wasa.

Inda take kwana

Maganar da ba a son yi ke nan. Yarinyar da ke kwana a falo ko a kicin, ba ƙofa ba sakata, a gidan da akwai samari da ƙannen miji da direba da maigadi, an bar ta a buɗe. Ta kwana a ɗakin 'yan mata ko a ɗaki mai sakata ta ciki. Ta kasance da waya, ko aƙalla damar kiran uwarta duk mako ba tare da an tsaya mata a kai ba. Idan ta zo ta ce wani ya taɓa ta, a saurare ta kafin a kare sunan gida. In fyaɗe ne, a kai ta asibiti cikin awa 72, domin a cikin wannan lokaci ne maganin kariya daga ƙanjamau yake aiki, sannan a kai rahoto. Sallamarta da dare da 'yan kuɗin mota, kamar yadda aka saba rufe irin wannan magana, ƙarin laifi ne a kan laifi.

Wasu ma'aikatan daga ƙetaren iyaka suke, ta Gamboru Ngala ko Banki daga Kamaru, ko daga Chadi, ko daga yankin Diffa na Nijar, ciki har da masu gadi da yawa. Su ne suka fi rauni, domin ba su da dangi kusa, wasu Hausarsu ma ba ta nuna ba, sai Larabcin Shuwa ko Kanuri. Kada a riƙe wa kowa katin shaida ko wata takarda tasa don kada ya gudu. Kada a tsorata shi da jami'an shige da fice idan ya nemi haƙƙinsa. Yarinya ƙarama da aka tsallako da ita iyaka ba tare da iyayenta ba, wannan maganar NAPTIP ce, kuma wanda ya karɓe ta ya sa kansa a ciki.

Idan abu ya ɓace

Gaskiya ne ana samun 'yan aiki masu sata, kuma tsoron masu gida a garin da ya ga abin da ya gani ba abin raini ba ne. Sanin gidansu da shaidar Bulama su ne maganin wannan tsoro tun farko. Amma in sarƙa ta ɓace, a tuna 'yar aiki ba ita kaɗai ke shiga ɗakin ba. Kulle ta a ɗaki, ko dukanta da wayar wuta, ko kiran samarin unguwa su "tambaye" ta, duk laifuka ne da za su iya kai mai gida kotu ko da daga baya an tabbatar ta ɗauka. A kira waliyyinta, a je wajen Bulama, in abin ya girma a je ofishin 'yan sanda.

Zama kuma yana ƙarewa ko ba rigima. Aure ya zo, ko iyaye su koma Bama, ko ita ta gaji. A ba juna sanarwar mako biyu ko wata guda. A buɗe littafin nan a gaban wanda ya shaida farkon maganar, a lissafa, a biya har kwanakin watan da bai cika ba. Idan akwai katin asibiti ko maganin da ba ta gama sha ba, a haɗa mata, a gaya wa uwarta ranar komawa wajen likita. Sannan a raka ta da rana, a damƙa ta a hannun da aka karɓo ta.