Kafa Dirkokin Shinge da Kankare: A Kwaɓa ko a Zuba a Bushe?

Shingen lambu daga gindi yake fara lalacewa. Da zarar dirka ɗaya ta karkata, waya ta saki, awaki sun sami ƙofa, wahalar rani guda ta tafi a dare ɗaya. Tun da siminti yana da tsada, ya kamata mu san yadda za mu yi amfani da shi.

Ko wace hanya muka bi, ramin shi ne farko. Kashi ɗaya cikin uku na tsawon dirka ya shiga ƙasa: dirka mai santimita 180 tana son rami mai zurfin santimita 60. A fara zuba tsakuwa kaɗan a ƙasan ramin domin ruwa ya sami wurin tsanewa.

Wasu sukan zuba haɗin siminti a bushe, su daddanna, sa'an nan su kwarara ruwa a kai. Aikin yana da sauri, dirka kuma tana tsayawa nan take. Matsalar ita ce ruwan ba ya ratsa ko'ina daidai. Sama ya yi tauri, ƙasa kuwa gari ne, musamman da rani lokacin da busasshiyar ƙasa take shanye ruwan.

Mun fi amincewa da kwaɓawa: kwano 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa. Kada ruwa ya yi yawa, gama kankare mai ruwa-ruwa ba shi da ƙarfi. A zuba kaɗan kaɗan ana soka shi da sanda don iska ta fita, a tokare dirkar da itace har ya kama. A riƙa yayyafa masa ruwa safe da yamma na kwana 7 kafin a ja waya. Cikakken ƙarfinsa sai wajen kwana 28. Gaggawar ɗaura waya ita ce take ɓata aikin mutane da yawa.

Dirkar itace tana bukatar lura. Itace yakan tsuke da rani, ya bar tsaga tsakaninsa da kankare, ruwan damina ya taru a ciki, ruɓa da gara su biyo baya. Saboda haka a ɗaga saman kankaren ya ɗan fi ƙasa tudu, a yi masa gangare.

Idan kuɗi ba su isa ba, a ba dirkokin kusurwa da na ƙofa kwaɓaɓɓen kankare, domin su ne suke ɗauke da jan waya. Na tsakiya, duwatsu da ƙasa da aka kirɓa sosai sun wadatar.