TAIMAKON ABINCI GA YARA MASU TAMOWA

Ko wace shekara, tun daga watan Yuni har zuwa Satumba, rumbunan talakawa sukan yi ƙasa, hatsi ya yi tsada a kasuwa, ga sabon amfani bai nuna ba. A wannan lokaci ne gwamnati da ƙungiyoyin agaji da masu hali sukan tashi rabon abinci. An rubuta wannan takarda domin a bayyana wa jama'a irin abincin da ke ceton yaro ƙarami, da yadda za a yi taimakon ya kai bakin wanda aka yi dominsa.

Mece ce tamowa?

Tamowa cuta ce da ke kama yaro in jikinsa bai sami abin da zai gina shi ba. Ta fi kama yara daga wata 6 zuwa shekara 5, tun ba ma lokacin yaye ba. Wani yaro yakan ƙanjame har a riƙa ƙirga haƙarƙarinsa. Wani kuwa ƙafafunsa da fuskarsa ne ke kumbura, gashinsa ya yi ja ya yi laushi, ya zama ba ya wasa, ba ya son abinci. Wannan mai kumburi ita ce likitoci ke kira kwashiyoko. Wata likita, Cicely Williams, ita ta bayyana ta a shekarar 1933 sa'ad da take aiki a ƙasar da yau ake kira Gana, sunan kuwa daga harshen mutanen Ga na Ankara aka ɗauko shi.

Akwai kuma tsumburewa, watau yaro ya kasa kai tsawon da ya dace da shekarunsa. Binciken lafiya da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna cewa cikin ko wane yara 100 'yan ƙasa da shekara 5, 37 sun tsumbure, abin kuwa ya fi yawa a Arewa.

Ya kamata kowa ya gane cewa ƙoshi daban, gina jiki daban. Yaro yana iya cika cikinsa da koko ko kunu tsararo sau uku a yini, duk da haka tamowa ta kama shi, gama cikinsa ƙarami ne, ruwa ya cika shi. Ƙyanda da zawo da zazzaɓin cizon sauro su ma sukan jawo ta.

Yadda ake gane ta

Ma'aikatan lafiya suna da wani ɗan ma'auni mai launi uku da ake naɗawa a damtsen yaro. In ya nuna kore, lafiya lau. In ya nuna rawaya, watau tsakanin santimita 11.5 da 12.5, cuta ta fara. In ya nuna ja, watau ƙasa da santimita 11.5, to, ta yi tsanani, kada a kwana ba a kai shi asibiti ba. Har wa yau uwa tana iya danna bayan ƙafafun yaro duka biyu da babban yatsa ta ƙirga uku. In ta ɗaga gurbin yatsa ya zauna, kumburin tamowa ke nan.

Abin da aka koya a Maraɗi

A 2004 aka yi ƙarancin ruwa a Jamhuriyar Nijar, fara kuma ta yi ɓarna. Da shekarar 2005 ta shigo, akwai hatsi a kasuwannin Maraɗi, amma kuɗinsa ya fi ƙarfin talaka. Yara suka yi ta ramewa. A da can, yaro mai tamowa sai an kwantar da shi asibiti makonni ana dama masa madara, uwa ta bar gona da sauran 'ya'ya. Gadaje kuwa ba su isa.

A wannan shekara ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi aiki da wani abinci mai suna Plumpy'Nut, wanda wani likita Bafaranshe, André Briend, da abokin aikinsa suka ƙaga a 1996. Da markaɗaɗɗiyar gyaɗa ake yinsa, da garin madara, da sukari, da mai, da sinadaran gina jiki. Ko wace leda nauyinta giram 92. Ba a dafa shi, ba a zuba masa ruwa, ba ya kuma saurin lalacewa. Saboda haka uwa tana iya karɓar na mako guda ta koma gida ta ciyar da ɗanta da kanta. Da wannan dabara ƙungiyar ta yi wa yara fiye da 60,000 magani a Nijar cikin shekara guda, mafi yawansu kuwa suka warke ba tare da an kwantar da su ba.

A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da Hukumar Abinci ta Duniya suka amince da wannan hanya. A 2009 aka fara ta a Nijeriya, a jihohin Gwambe da Kabi, daga nan ta yaɗu zuwa sauran jihohin Arewa.

Inda taimako ke lalacewa

Wannan leda magani ce, an ƙayyade ta bisa nauyin yaro, yawanci kuwa cikin mako 6 zuwa 8 yakan warke. Amma akwai hanya uku da ake ɓata aikin. Wadansu sukan raba ta ga yaran gida duka don tausayi. Wadansu manya sukan sha abinsu, ko su zuba a kunu. Wadansu kuma sukan kai kasuwa su sayar. Duk wanda ya sayi leda guda a kasuwa ya sani abincin wani majinyaci ya saya. Yaron da aka rage wa rabonsa ba zai ƙara nauyi ba, yana kuwa iya mutuwa da maganinsa a cikin gida.

To, ga abin da ake roƙon iyaye:

1. A wanke hannu da sabulu kafin a ba yaro, a ba shi kaɗan kaɗan, a kuma ba shi ruwa mai tsabta ya sha.
2. Uwa ta ci gaba da ba shi nono. Jariri da bai kai wata 6 ba, nono kaɗai ya ishe shi, ba a ba shi wannan leda.
3. A koma awo ko wane mako, ko da an ga yaro ya fara murmurewa.
4. In ya ƙi ci, ko ya yi zazzaɓi mai zafi, ko amai, ko kumburi ya ƙaru, a mai da shi asibiti nan da nan.

Kira ga masu ba da taimako

Masu fid da zakka da masu ciyarwa da ƙungiyoyin unguwa suna aikin lada. Sai dai buhun gero ko shinkafa kaɗai ba ya warkar da tamowa. In za a ba gida mai ƙananan yara, a haɗa da wake da gyaɗa da mai. Wannan kuma yakan hana a taɓa rabon majinyaci, gama in tukunyar gida ta cika, ba mai sa ido a kan ledar yaro. A nemi dagaci da mai unguwa da ungozoma su nuna gidajen da suka fi bukata, gama mai tsananin rashi sau da yawa kunya takan hana shi shiga layi.

Akwai kuma gari da ake kira Tom Brown, wanda mata ke iya yi a gida. A sami mudu 6 na gero ko dawa ko masara, mudu 3 na waken soya, mudu 1 na gyaɗa. A tsince, a zubar da gyaɗar da ta yi fumfuna, a soya ko wanne dabam, a haɗa a niƙa, a riƙa dama wa yaro da kauri. In an sami ƙwai, ko garin kifi, ko zogale, ko cokalin manja, a ƙara. Wannan gari na rigakafi ne da na wanda ma'auninsa ya nuna rawaya. Mai ja sai asibiti.

Maigida, kai ne mai cefane, kai ne kuma mai ba da izinin zuwa awo. Kada ka jira sai ƙafar yaro ta kumbura. Allah ya raya mana zuriya, ya ba mu damina mai albarka, amin.