Abin da Ke Sa Sitiyarin Mota Rawa

Direbobi da yawa a ƙauyukanmu sun san wannan matsala. Mota tana tafiya lafiya lau, sai sitiyari ya kama rawa a hannu kamar mai jin sanyi. Wani direban sai ya ƙara damƙe shi, ya ce ai gargadar hanya ce. Wannan ganganci ne. Sitiyari haɗe yake da ƙafafun gaba, duk abin da ya same su shi ne zai fara gaya maka. In kuwa ƙafar gaba ta lalace ana cikin gudu, ga mutane ga buhunan hatsi ranar kasuwa, abin ba ya yin kyau.

Kafin ka je wurin bakanike, ka lura da abu guda: yaushe ne sitiyarin yake rawa? Amsar nan ita za ta nuna inda ciwon yake.

Idan rawar tana zuwa ne sa'ad da gudu ya kai kamar kilomita 80 zuwa 100 a awa, kuma ta lafa in ka rage gudu, to galibi nauyin taya ne bai daidaita ba. Watau wani gefenta ya fi wani nauyi. Ɗaga ƙafar keke, ka ɗaura ɗan dutse a jikinta, ka juya ta da ƙarfi. Za ka ga keken yana fizga. Haka abin yake a mota.

Da damina, sau da yawa laka ce kawai. Takan shiga cikin wili ta bushe a gefe guda. Don haka ka fara leƙa bayan taya, ka kankare lakar, ka wanke da ruwa. Wannan bai ci ko kwabo ba. In rawar ba ta daina ba, sai a kai motar gari wurin masu balansin. Suna ɗora taya a kan inji ya juya ta, ya nuna gefen da ba shi da nauyi, sai su maƙala ɗan ƙarfe ko dalma a bakin wili. Ɗan ƙarfen nan yakan faɗi in an faɗa rami, ko wajen mai faci in ya cire taya. Wanda gari ya yi wa nisa yana iya gwaji: ya mai da tayoyin gaba baya, na baya kuma gaba. In rawar ta bar sitiyari ta koma kujera, to laifin tayoyin ne.

A kula, balansin daban, alaimen daban. Alaimen maganin motar da ke ja gefe guda ne, ko mai cinye taya a gefe ɗaya. Mutane da dama sun biya kuɗin alaimen sun dawo gida da rawarsu.

Idan kuwa ko a tafiyar sannu sitiyari yana kaɗawa dama da hagu, to ka tsaya ka sauka. Fara da notocin taya, ka gwada kowane ɗaya da sifana. In za ka ɗaure, kada ka bi su a jere. Ka ɗaure wannan, sannan wanda ke fuskantarsa. Daga nan sai ka shafa taya da hannu. In ka ji kumburi kamar ƙurji, wayoyin cikinta sun tsinke. Wannan ba ta gyaruwa, kuma tana iya fashewa a zafin kwalta. A sa safaya nan take. Ka duba bakin wili ma, ko rami ya lanƙwasa shi.

Masu sayen tsofaffin tayoyi su duba shekarunsu. Tun daga shekarar 2000, akwai lamba huɗu a gefen taya. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019.

Akwai kuma rawar da ba ta zuwa sai an taka birki. Wannan faifan birkin gaba ne, wanda bakanikai ke kira diski, ya daina zama sumul. Bakanike zai ga ko a goge shi a inji, ko a sake sabo.

Wadda ta fi haɗari ita ce ta tayirod da boljoyin, watau gaɓoɓin ƙarfen da ke riƙe da ƙafa suna juya ta. Hanyar gargada tana saurin cinye su. Ga yadda ake ganewa. A tsai da mota a wuri mai tauri, a ja birkin hannu, a tokare ƙafafun baya da dutse, a ɗaga gaba da jak. Kada kowa ya shiga ƙarƙashi. Kama taya dama da hagu ka girgiza. In ka ji ƙwas-ƙwas, ka zargi tayirod. Sai ka kama sama da ƙasa. In ta yi wasa nan ma, boris ne ko boljoyin. Waɗannan ba a ɗaure su da roba ko waya, sakewa ake yi, domin in ɗayansu ya fice, sitiyari ba zai ƙara juya ƙafar ba. Kada a ɗauki fasinja sai an gyara. Bayan an sa sabon tayirod, a nan ne ya kamata a yi alaimen.